Yadda Za Ka Tsira da Mutuncinka Ranar da Baliz Ta Ƙi Magana da Mota

Ɗan'uwa bakanike, goge hannunka da tsumma ka matso. Ka sayi baliz, wato akwatin nan mai gilashi da ake jona wa mota ta ƙarƙashin sitiyari ya karanto ciwonta. Ka sa an rubuta maka allo da jan fenti, ka tara jama'a, ka jona. Akwati ya yi gum, mota ta yi gum, unguwa kuma ta zuba maka ido. Kada ka ji komai. Matakan da ke ƙasa an gwada su a Birik, tsakiyar Yawunde, a kan mutum mai rai, sunansa Tahiru, kuma ina ba ka tabbaci cewa duk wanda ya bi su tiryan-tiryan zai fita da mutuncinsa da garejinsa, har da tukwici a sama. Ban ce wataƙila ba.

Bari ka san Tahiru tukuna. A shekarun nan ne da ƙasa ta rikice ta arewa da ta yamma, mutane suka yi ta kwararowa Yawunde, fetur ya hau, duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya zama bakanike, wurin ajiye ko da kwano ya yi wuya a Birik. Shi Tahiru yana aiki ne a wani fili bayan layin teloli, filin Alhaji Mohaman, dattijo mai sayar da yadi. Ba takarda tsakaninsu, amana ce kawai: Tahiru ya zauna a fili, ya kula da motar Alhaji, wata 'yar Beljik, wato gwanjon Turai, da ta kwana biyu. Haka aka yi shekara da shekaru lafiya lau, sai ga Ja'afar ya sauka daga Kano da jakar kwamfuta a kafaɗa. Yaron nan kullum bayan sallar asuba shi ne mai juya wa Alhaji takalmi a ƙofar masallaci, kuma kowa ya san ba takalmin yake so ba, filin yake so.

Wata rana Alhaji ya tsaya a bakin gareji ya ce, "Tahiru, zan kai iyali Garwa. Hanya da nisa, ina so na'ura ta duba min motar nan. In ba ka da ita ka faɗa min, Ja'afar ya ce yana da ita."

"Akwai ta, Alhaji," in ji Tahiru. Babu ita. Washegari ya shiga kasuwar Mokolo ya sayo.

Mataki na 1: Kada fuskarka ta samu labari

Abu na farko da ke lalacewa idan baliz ta ƙi aiki ba waya ba ce, fuskarka ce. Gyara ta.

Ranar gwaji Tahiru ya sa sabuwar rigar aiki. Teloli sun bar kekunansu, Sali mai suya ya bar wuta a hannun Allah, Alhaji ya sa an kawo masa kujera, Ja'afar kuma ya jingina da bishiyar mangwaro yana murmushin da ba na alheri ba. Tahiru ya durƙusa, ya jona, ya danna. Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa a gilashi, ya juya, ya juya, sannan jan rubutu ya fito da Faransanci. Faransancin Tahiru na kasuwa ne, amma jan rubutu ba ya bukatar makaranta.

Sai ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Uhm. Yadda na zata."

Ka haddace kalmomin nan. Ba su ce an samu ba, ba su ce an rasa ba, kuma mai jin su zai ɗauka kai da na'urar kun riga kun tattauna tun a gida.

Mataki na 2: Ɗora laifi kan wanda ba ya wurin

Kada ka zargi motar, mai ita yana zaune. Kada ka zargi baliz, kai ka sayo ta. Nemi wanda ba zai iya kare kansa ba.

"Me ta ce?" in ji Alhaji.

"Rezo ne, Alhaji. Yau rezo ba kyau."

Alhaji ya ciro wayarsa ya duba rezon, wato sabis, teloli ma kowa ya ciro tasa. Abin daɗi da Birik shi ne, ko wane lokaci ka ce rezo ba kyau, akwai wanda zai rantse maka. Sali ya ce wallahi tun safe yake kiran ƙaninsa a unguwar Elig-Edzoa bai shiga ba.

Ja'afar ya ce daga gindin mangwaro, "Oga, ai wannan da wayar jonawa take aiki, ba ruwanta da rezo."

A nan ka lura da abin da gwani yake yi. Tahiru bai juya ba. Ya ce wa sitiyari, "Ta Najeriya ke nan. Wannan ta Faransa ce." Jama'a suka yi dariya, domin ba abin da ke haɗa kan 'yan Birik kamar a taɓa baƙo. In rezo ya ƙare maka, akwai hadari, akwai zafin rana, akwai mizajur. Ba sai ka san mene ne mizajur ba. Ni ma da nake koya maka ban taɓa ganinsa da idona ba, na dai san duk na'ura tana jiransa.

Mataki na 3: Yi abin da ya kamata, amma kada a gane kana yi

Akwai abubuwan da ake dubawa da gaske, kuma haushi nake ji duk lokacin da zan faɗe su, saboda ba su da kwarjini ko kaɗan. Ka ga ko wayar ta shiga har ƙarshe. Ka ga ko haƙoran soket ɗin sun lanƙwashe. Ka ga ko batir yana da ƙarfi. Ka murɗa kontak, wato makullin mota, domin mota mai barci ba ta amsa sallama.

Tahiru ya manta da kontak. Ya tuna ne lokacin da ya hango makulli a cinyar Alhaji. Wawa zai ce, "Alhaji, ba ni makulli, na manta." Tahiru ya ce, "To, an gama zagaye na farko, wanda ake yi a kashe. Yanzu sai na biyu." Alhaji ya miƙa makulli cike da girmamawa.

Ya murɗa, ya danna. Da'ira, da'ira, jan rubutu.

Ya zare wayar ya hura mata iska. Ya goge ta da gefen riga. Ya ɗan mari akwatin ta baya, irin marin da ake yi wa rediyo. Wani tela ya ce a tofa mata addu'a, wani ya ce motar ce ba ta jin Faransanci tunda a can Beljik wani yaren ake yi, Sali ya ce shi dai tun da aka haife shi bai ga mota ta yi magana ba, sai masu ita. Gumi ya karyo wa Tahiru har yana ɗiga a kan gilashi. Alhaji ya juya ya dubi Ja'afar, sannan ya dubi filin daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar mai auna yadi. Tahiru ya ga kallon nan, ya ji tsoro na gaske, irin na mai iyali da ba shi da wani wurin zuwa.

Mataki na 4: Jira ladan

Ba taron da ladan ba ya watsawa. Ka ja lokaci har la'asar.

Da aka kira salla kowa ya tashi. Tahiru ya ce hannunsa duk baƙin mai ne, su yi gaba yana zuwa. Ba na ce ka bar jam'i ba, Allah ya kiyaye, ina gaya maka abin da ya faru ne. Da fili ya zama daga shi sai kaji, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ya buɗe akwatin fiyus, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Sai ga gurbi guda wayam.

Ya daɗe yana kallon gurbin nan kafin ya tuna. Alhaji Mohaman yana da al'ada: duk motar da ya saya, ranar da ta iso, kafin a wanke ta ma, sai an kashe abin kunna sigari. Ya ce motar da ke kai shi masallaci ba za a kunna taba a cikinta ba, ko da bayan ransa. Tahiru da hannunsa ya zare fiyus ɗin a wancan lokaci, Alhaji ya sa masa albarka. Abin da ba wanda ya sani shi ne, a wannan motar, wutar abin kunna sigari da wutar soket ɗin baliz layinsu ɗaya. Tsoron Allah na Alhaji ne ya toshe wa mota baki.

Ya zaro wani fiyus daga aljihu ya cusa. Ya danna. Da'ira ta juya sau ɗaya, gilashi ya yi kore.

Mataki na 5: Yanzu ne ka shiga uku

Ga hikimar da ba a sayarwa a Mokolo: baliz da ta ƙi haɗuwa ciwon kai ce, amma wadda ta haɗu shaida ce, kuma ba ta cin goro.

Rubutu ya fara gangarowa, layi bayan layi, Tahiru yana turawa da yatsa yana ƙara fitowa. Bai iya karanta rabinsa ba, amma ya gane kowanne, domin aikin hannunsa ne. Ga abin daidaita zafin inji da ya cire ya jefar, kamar yadda kowa ke yi, wai an yi shi ne don ƙasar sanyi. Ga wayar birki da ya zare shekarun baya da ta dame shi. Ga jakar iskar nan ta haɗari, wadda ta daɗe da zama ado. Duk lokacin da wata fitila ta kama a gaban direba, Alhaji ya ce, "Tahiru, wannan fitilar fa?" Tahiru sai ya cire ƙwan fitilar ya ce an gyara. Alhaji yakan yi alfahari a majalisa cewa motarsa ba ta taɓa kunna fitilar ciwo ba. Gaskiya ya faɗa, ba ta da abin kunnawa.

Akwai kuma wanda na'urar ba ta gani ba, shi kuwa ya gani. Bututun birkin baya ya taɓa yoyo a lokacin da kayan gyara suka yi wuya, ya toshe shi da ƙusa ya ce zuwa sati mai zuwa. Satin bai zo ba har yau. Motar ba ta taɓa tona masa asiri ba, saboda iyakarta daga Birik zuwa masallacin Tsinga, cikin cunkoson da ko akuya tana wuce ka.

Kada ka tsaya nadama a nan. Nadama tana cin lokaci, liman kuma ya kusa sallamewa.

Mataki na 6: Nemi maɓallin gogewa

Kowace baliz tana da shi, kuma wallahi wanda ya ƙirƙiro shi ya san halin ɗan Adam. Danna. Za ta tambaye ka ko ka tabbata. Ka tabbata.

Da jama'a suka dawo suka tarar da Tahiru a tsaye, hannu ɗaya a ƙugu, gilashi kore shar. Ya nuna da sauri, domin irin wannan ciwon da mota ta motsa yake dawowa. Wani tela da ya yi makaranta ya karanta da ƙarfi, ya fassara: babu matsala ko ɗaya.

"Ko ɗaya?" in ji Alhaji.

"Ko ɗaya, Alhaji. Rezo ya dawo."

Sai ka rufe da abin da ya raba ƙwararre da ɗan koyo. Yayin da Tahiru yake naɗe wayarsa, ya sa yatsu biyu ya sake zare fiyus ɗin ya jefa aljihu. Ja'afar, kamar yadda aka zata, ya matso ya ce, "Baba Alhaji, a bari in tabbatar da tawa, ido biyu ya fi." Ya buɗe jaka, ya jona, ya danna. Shiru. Ya zare ya hura, ya mayar. Shiru. Ya yi tsuru-tsuru, ya dubi sama, ya ce, "Ina ga rezo ne."

Sali ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Teloli suka tafa. Ja'afar ya naɗe kayansa ya bi ta bayan mangwaro, ko sallama babu.

Mataki na 7: Karɓi tukwici da hannu biyu, ka rufe baki

Alhaji ya tashi ya dafa kafaɗar Tahiru a gaban kowa. "Ɗana, shekara da shekaru ina cewa hannunka mai albarka ne, yau na'urar Turawa ta shaida. Ku zama shaida, filin nan nasa ne muddin ina numfashi."

Da a nan aka tsaya, da yanzu Tahiru ne ke rubuta wannan darasi ba ni ba. Amma alherin dattijo ba ya zuwa shi kaɗai. Alhaji ya ce, "Na ji surukarka ba ta da lafiya a Garwa, kuma tun da abubuwa suka rikice Jaratu ba ta samu zuwa ba. Akwai wuri a baya. Ta shirya ita da yaron, jibi da safe za mu tashi."

Jaratu matar Tahiru ce, yaron kuma Awwal, ɗansu da bai daɗe da fara tafiya ba. Kafin Tahiru ya kai gida labari ya riga shi. Ya tarar da ita ta baje kaya a tabarma tana ninkewa tana kuka tana dariya. "Baban Awwal, ashe zan ga Inna da idona. Allah ya saka wa Alhaji, kai ma Allah ya saka maka, ai don aikinka ne."

Ya ce amin. Ya ture kwanon tuwo gefe.

Washegari ya je ya ce wa Alhaji yana so ya ɗan sake duba ƙasan motar. Alhaji ya yi dariya ya ce motar da na'ura ta wanke ba mai sake taɓa ta, ya riga ya sa an kulle ta a gida an fara ɗaura kaya. Shawarata a nan gajeriya ce: ka yi addu'a, ka yi musu fatan sauka lafiya, ka tuna cewa kowa da ranarsa. Mutane da yawa sun yi haka, suna nan suna cin suya.

Mataki na 8: Ranar tafiya, kada ka leƙa kujerar baya

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne sauƙi, kuma shi ne Tahiru ya kasa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Da safe mota ta tsaya a ƙofar gidan Alhaji, an lafta mata buhuna da akwatuna har ta durƙusa ta baya. Hajiya matar Alhaji da 'ya'yanta mata sun shiga. Gwadabe direba yana goge gilashi. Abin da ake bukata daga Tahiru kawai ya ɗaga hannu. Sai ya leƙa. Jaratu na zaune a gefen taga da sabon mayafi, Awwal a cinyarta yana dukan gilashi da tafin hannu yana kiran babansa. Shi kuwa Tahiru ya san hanyar nan, ya san gangaren Mbe bayan an wuce Ngaundere, inda hanya ke zubowa daga kan dutse tana lanƙwasa, inda manyan motoci masu cikakken birki ma sai sun yi salati.

Gwadabe ya tayar da mota. Tahiru ya zura hannu ta taga ya kashe ta, ya zare makulli.

"Lafiya?" in ji Alhaji.

"Alhaji, motar nan ba za ta je Garwa ba. Birkin baya ƙusa ce a ciki, ni na sa. Fitilun duk ni na cire. Abin da na'ura ta nuna shekaranjiya, goge shi na yi kafin ku dawo daga masallaci."

Alhaji bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya dubi iyalinsa a cikin mota, ya dubi Jaratu da yaron, sannan ya dawo da idonsa kan Tahiru.

"Na gode da ka faɗa. Amma ina da tambaya ɗaya, ɗana. Da nawa ne kaɗai a ciki, da ka zare makullin nan?"

Na bincika, na tambayi manyan gareji daga Tsinga har Elig-Edzoa, babu matakin da ke amsa wannan tambaya. Jaratu ta buɗe ƙofa ta sauko da yaron a kafaɗa, ta sa Gwadabe ya kwance mata jakarta daga sama, ta durƙusa ta ce wa Alhaji da Hajiya su yi haƙuri, ta wuce gida ba ta dubi mijinta ba.

Kafin azahar Alhaji ya aiko a kwashe kaya daga fili. Ja'afar ne a wurin yanzu, ya sa sabon allo. Tahiru yana bakin titi a unguwar Madagaskar, tsakanin mai faci da mai wankin babur, in ruwa ya sauko sai ya rufe kayan aikinsa da leda ya fake a shagon mutane. Alhaji yana amsa gaisuwarsa a masallaci, amma bai sake kiransa ɗana ba.

Sanarwa

Mai wannan darasi ba bakanike ba ne, bai taɓa mallakar mota ba, iyakarsa benci da kofin shayi a gaban garejin mutane. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa fili, ko birki, ko fuskar da zai kalli matarsa da ita, kada ya neme ni, ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba. Wanda kuma ya bi su har ƙarshe ya yi nasara, ya ɗaga hannu mota ta tashi, shi ma kada ya neme ni, kuma don Allah kada ya rage min hanya.